Inda babur kaɗai ke kaiwa: 'Yandoto, Kwatarkwashi da tarihin da damina ke ci

A can arewacin Biyetnam, dab da iyakarta da ƙasar Sin, akwai wata hanya da ta kewaye duwatsun Ha Giang, tsawonta kusan kilomita 350. Samarin wurin sun mayar da ita hanyar cin abinci. Su goya baƙo a bayan babur, su yi kwana uku ko huɗu suna ratsa ƙauyuka da kasuwannin kan iyaka da shi, duk inda aka tsaya su ba shi labarin wurin. Kwanakin baya wani abokina ya turo mini bidiyon irin wannan yawo, ya rubuta a ƙasa: "Malam, ko mu buɗe reshe a Tsafe?"

Zolaya yake yi, na kuma yi dariya. Sai dai dariyar ba ta yi nisa ba, don in ka zauna ka lissafa, duk kayan haɗin suna nan a kan titin Funtuwa zuwa Gusau. Ga garuruwan kan iyaka. Ga kufan 'Yandoto, garin malaman da sunansa ya shiga littafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ga Dutsen Kwatarkwashi, wanda ko a mota mai gudu kake sai ka waiwaya ka sake kallonsa. Ga 'yan kabu-kabu da suka san kowace 'yar hanya kamar yunwar cikinsu. Abin da ya hana, kowa ya san shi: yau in aka ga mutum ya sauka daga kwalta a bayan babur a wannan yanki, ba yawon buɗe ido za a ce ya tafi ba.

To, yaya aka yi abin hawan da shi kaɗai ke iya kai mai bincike waɗannan wurare ya zama shi ne ya rufe su? Amsar ta girmi babur da ɗaruruwan shekaru.

Mu fara da sunayen sarautu, don su ba su da saurin mantuwa. Sarkin Gusau, Sarkin Katsina ake ce masa. Na Tsafe, 'Yandoto. Na Bungudu, Sarkin Fulani. Babu Sarkin Zamfara cikinsu, in shi kake nema sai ka nausa yamma zuwa Anka. Dalili kuwa, kafin jihadi, Tsafe da 'Yandoto da Kwatarkwashi da inda Gusau take a yau duk gefen ƙasar Katsina ne. Zamfara ta asali tana yamma da arewa da nan. Jihar da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996 ta haɗa su duka a suna ɗaya, iyakarta da Katsina ta koma tsakanin Wanzamai da 'Yankara. Layin ya gusa, amma halin wurin bai sake ba: yanki ne mai nisa da kowace babbar fada, fatake na ratsa shi, mayaƙa ma na ratsa shi. Duk garin da ya zauna a nan dole ya samo dabarar rayuwa.

Dabarar 'Yandoto ilimi ce. Labarin baka na Katsina ya ce daga nan Korau ya fito, ɗan kokawar da ya kayar da Sanau, sarkin Durɓawa na ƙarshe, ya kashe shi ya hau gadon wajen ƙarni na 15. Takobin nan Gajere da ke cikin kayan sarautar Katsina, da wannan labari ake danganta shi. Ba dole ba ne ka ɗauki kokawar a zahirinta. Masana irin su marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, sun koya mana mu riƙa tambayar abin da irin wannan labari ke tunawa da shi. Abin lura a nan shi ne inda labarin ya ajiye asalin sabon sarki. Bai ajiye shi cikin birni ba, ya kai shi can gefen ƙasa, garin da ke kan hanyar fatake.

Kafin ƙarni na 18 ya ƙare, 'Yandoto ta yi suna a matsayin garin malamai, ɗalibai na zuwa daga nesa. Za ka ji ana cewa "Jami'ar 'Yandoto", musamman a Facebook. Ni dai kalmar ba ta kwanta mini ba, don tana sa mutum ya hango gini da ƙofa da shugaba. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne gari mai zaurukan karatu da yawa, kowane malami da littattafansa da almajiransa, wanda ya gama da wannan ya koma gaban wancan. Wannan ba ragi ba ne ga darajarta. Haka Timbuktu ma take.

Da jihadin Shehu Usmanu ya tashi a 1804, malaman 'Yandoto suka rabu. Waɗanda suka goyi bayan Shehu suka bar garin, masu rinjaye suka tsaya tare da Sarkin Katsina. A ranin 1805 zuwa 1806 Muhammadu Bello ya sauka kusa da garin da runduna, ya aika yana neman a zauna a yi muhawara ta ilimi. Suka ƙi ko ganinsa. Ya afka wa garin ya ci shi. Shi da kansa ya kawo wannan labari a Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812.

A cikin littafin ne kuma ake samun wasiƙun da aka yi ta musaya da Shehu Muhammadul Amin El-Kanemi na Barno. Ɗaya daga cikin zarge-zargen El-Kanemi shi ne mutanen jihadi na lalata littattafai, suna watsar da su a ƙasa alhali akwai sunan Allah a ciki. Bello bai ce ƙarya ne ɗungurungum ba. Ya ba da labarin wani gari da suka ci, ya ga iska na kwasar takardu, ya yi ta tsinta da hannunsa har ya gaji, abin ya dame shi, ya kuma ɗora laifin a kan jahilan cikin runduna. Masu tarihi da dama na ganin 'Yandoto ake nufi. Duk ɓangaren da ka fi karkata, wannan ba faɗan malamai da jahilai ba ne, malamai ne a gefe biyu. Kuma abin da muka sani game da ƙarshen 'Yandoto kusan duka daga alƙalamin wanda ya ci ta ya fito. Nata alƙalamin iska ta kwashe. Shi ya sa abin da ke binne a ƙasar kufan yake da nauyi: shi ne shaidar da ta rage wadda ba ta bi ta hannun kowa ba.

Jagorancin yankin ya koma hannun Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu, wanda ya kafa Gusau. Ita ma ba ta zauna lafiya ba. Hare-hare sun sa gidan sarautar ya yi zama a Wonaka da Rawayya kafin a dawo.

Kwatarkwashi kuwa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Bungudu duk da tana kan hanyar Tsafe, dabararta dutse ce. A nan zan ɗan daɗe, don fannina ne.

Dutsen irin wanda masana ƙasa ke kira giranit ne, narkakken dutse da ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Mutane da yawa na zaton ƙasa ce ta turo shi sama. A'a. Ƙasar da ke kewaye da shi ce ta zaizaye ta bar shi. Ruwa yana bin tsagogin dutse yana ruɓar da shi tun yana binne. Inda tsagogi suka yi yawa sai ya zama ɓurɓushi, zaizaya ta kwashe. Inda dutsen yake dunƙule babu tsaga sai ya ƙi, ya wayi gari shi kaɗai tsaye a fili. Wani Bajamushe masanin ƙasa, Wilhelm Bornhardt, shi ya raɗa wa irinsa suna a 1900, inselbag, wato dutsen da ya yi kama da tsibiri.

Kowa na ganin amfaninsa wajen tsaro. Doki ba ya hawa santsin giranit, mai baka da kibiya a sama kuwa ya fi mahaya goma a ƙasa. Amma akwai amfani na biyu da ba a cika faɗa ba, wato ruwa. Bari mu yi ɗan lissafi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Yankin Gusau na samun wajen milimita 900 a shekara. Ke nan hekta ɗaya ta tsuran dutse na karɓar lita miliyan 9, kuma tun da dutse ba ya sha, kusan duka gangarowa yake yi zuwa gindi. Can ya tarar da ruɓaɓɓen giranit mai riƙe ruwa kamar soso. Don haka gindin dutse ke da rijiyoyi marasa zurfi da ƙasa mai danshi bayan damina ta ɗauke. Mutum na iya noma a ƙasa, in ya hango ƙura ya haye sama. Ka ga an jefi tsuntsu biyu.

Ba mamaki wurin ya zama mai tsarki ga mutanen da. Maguzawa na danganta dutsen da Magiro, kuma a nan ake bikin Baura, inda samari ke hawa su kamo mikiya da hannu, kafin daga baya a daina. Garin malamai ya faɗi a yaƙi ɗaya. Garin dutse yana nan da sarautarsa har yau.

Abin da ya sauya lissafin duka shi ne zuwan Turawa. Bayan cin Sakkwato a Maris 1903 harin dawaki ya ƙare, ganuwa da tudu suka rasa aiki, mutane suka bazu cikin gonaki. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya dire a Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa suka bi jirgi, Gusau ta tashi ta zama babbar kasuwa, titin mota ya biyo baya. Duk garin da bai dace da layin ba ya koma "cikin daji". Tsofaffin hanyoyin jakai da na fatake suka zama 'yan siraran turbobi tsakanin gonaki, mota ba ta shiga.

Babur ne ya farfaɗo da su. Sau ɗaya na taɓa bin irin wannan turba, ina ajin ƙarshe na sakandare, lokacin ana jin mugun labari daga wajen Ɗansadau amma bai iso bakin kwalta ba. Wani dattijo ɗan kabu-kabu ne ya ɗauke ni zuwa ƙauyen dangin mahaifiyata. Muna cikin tafiya ya tsaya a wata gonar gero inda kukoki suka yi cincirindo, ya kashe babur, ya sa ƙafa ya tona kunya ɗaya, ya tsinto tsingaro mai zane ya miƙo mini.

"Yaro, duk inda ka ga kukoki sun taru haka, gari na. Mutane sun tashi, su sun ƙiya."

Na ce, "Baba, wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Kakana ya gwada man, shi bisa jaki."

Sai da na shiga jami'a na gane dattijon nan kimiyya ya karantar da ni. Kuka ba ta cika taruwa da kanta a dawa ba. Mutane ne ke kawo 'ya'yanta gida, su sha su zubar da ƙwallon a bola, su kare tsiron saboda miya. Tana kuma daɗewa: gwajin da aka yi wa wasu a kudancin Afirka ya nuna sun haura shekara 1,000. Don haka masu tonon tarihi a yammacin Afirka na amfani da taron kukoki wajen gano kufai. Shi ba a littafi ya karanta ba. Taswirar na cikin kansa, ya gaje ta daga mai jaki, ya ɗora ta a kan babur. In da za a yi yawon da abokina ke zolaya a kai, irin wannan mutum ne jarin, ba injin ba.

Yanzu ga inda abin ya juya. Duba siffofin da suka sa babur ya dace da wannan aiki. Ƙaramin inji ne, nauyinsa kilo 100 da 'yan kai, mutum biyu na ɗaga shi su tsallake rafi. Lita ɗaya na kai shi kilomita 40 ko fiye. Duk inda jaki ya bi zai bi. Kowane ƙauye akwai bakaniken da zai kwance shi ya ɗaure. Yana ɗaukar mutum uku. Sake karanta jerin nan da idon mai kai hari, za ka ga babu abin da ya rage. A ƙarni na 19 doki ne ke wannan aiki, amma doki na son dawa da ciyawa da ruwa kullum da mai kula da shi, shi ya sa sai sarakuna da manyan barade ke iya tara shi da yawa. Babur ya kawo saurin doki a farashin da ba ya buƙatar fada. Har wani samfurin Honda da maharan suka fi so mutane suka laƙaba wa suna "Boko Haram".

Dazukan ma ba sababbi ba ne a wannan aiki. Bayan faɗuwar Birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafu a Maraɗi, daga can suka yi ta kawo hari kudu shekara da shekaru. A shekarun 1840, bayan wani bore da aka murƙushe zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu, garuruwa da yawa a yammacin Katsina suka watse, wurin ya koma daji. Dajin Rugu ke nan, wanda ya zama hanyar mahara a wancan ƙarni, ya kuma sake zama a wannan. Wato wani ɓangare na abin da muke kira daji a yau kufai ne da itatuwa suka rufe. Yaƙi ya kori mutane, daji ya tsiro, dajin ya ba wa yaƙi na gaba mafaka.

Hukuma ta gane rawar babur, ta kuma yi ta kai masa duka. A Mayun 2019 rundunar soja ta haramta hawansa a dazukan jihohi bakwai, har da Zamfara da Katsina. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka taƙaita zirga-zirgar babura da dare. Na fahimci dalilin. Amma dokar ba ta bambance mai bindiga da mai kai matarsa asibiti tana naƙuda, kuma na biyun ne ke bin ta shingen bincike. Harin bai tsaya ba: a Afrilun 2023 an kwashi mutane da dama a Wanzamai, yawancinsu mata da yara da suka je itace, a Satumban shekarar kuma aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin Bungudu. Sunan 'Yandoto kansa ya sake shiga kafafen labarai a Yulin 2022, ba don malamai ba, sai don naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani da aka yi a 'Yandoton Daji, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da sarkin garin.

In ana maganar rayuka, kawo zancen kufai kamar rashin ta ido ne, na sani. Amma akwai agogon da ke tafiya a nan wanda ba ya jiran zaman lafiya. Ganuwar ƙasa ba dutse ba ce. Ɗigon ruwan sama na faɗowa da ƙarfin da ke warware ƙwayoyin yumɓu, gangara ta tafi da su. A da duk rani ake gayya a yi mata yaɓe. Fiye da shekara 100 ke nan ba a yi ba. Kowace damina na rage mata tsawo, manomi na ja da kunya kanta, mai gini na ɗibar ƙasarta.

Wanda ya fi damina ɓarna kuwa shi ne mai haƙa. A shekarun 1990 aka yi rububin tonon mutum-mutumin yumɓu a yankin Kwatarkwashi, dillalai na saye suna fitarwa Turai. Wani masanin tonon tarihi ɗan Ingila, Patrick Darling, ya rubuta maƙala a kan wannan a 2000, inda ya haɗa ɓarnar da ta Nok. A shekarar ce kuma majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa irin waɗannan kayan na Nok da Sakkwato da Katsina a jerin abubuwan da ta gargaɗi duniya kada a saya.

Wani zai ce ai kayan na nan, ko a Faransa ne. Matsalar ita ce mutum-mutumin shi kaɗai kurma ne. Abin da ke magana shi ne inda aka same shi. Duk abu mai rai na ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon mai lamba 14, wanda ke raguwa da rabi duk shekara 5,730 bayan mutuwa. Ɗan gawayi ko ƙwayar gero da ta ƙone kusa da tukunya na iya faɗa maka shekarun wurin, abin da suke ci, har da irin itatuwan da ke dajin. Mai haƙa don sayarwa zubar da waɗannan yake yi, ya cakuɗa ƙasar sama da ta ƙasa. Daga nan babu ɗakin gwajin da zai mayar da su. A Nok, masu bincike na Jami'ar Frankfurt sun shafe fiye da shekara goma tun daga 2005 suna tono a tsanake, shi ya sa aka san mutanen Nok gero suke nomawa. Ko su ma a Fabrairun 2017 an sace shugabansu, Farfesa Peter Breunig, da abokin aikinsa a yankin Kagarko ta jihar Kaduna, aka kashe mutum biyu 'yan wurin. An sako su bayan 'yan kwanaki, amma saƙon ya isa ga duk mai niyyar fita fili.

Me za a iya yi daga zaune? Fiye da yadda ake zato. Amurka ta yi ta ɗaukar hotunan leƙen asiri daga sama da taurarin CORONA tsakanin 1960 da 1972, ta kuma sake su ga kowa a 1995. Masu tonon tarihi sun yi amfani da su sosai a Siriya da Iraƙi, don suna nuna ƙasa kafin garuruwa su faɗaɗa. Ko Google Earth ka buɗe, ka zaɓi hoton rani, ka bi ƙasar Hausa a hankali, za ka riƙa cin karo da zobba a tsakiyar gonaki, sawun ganuwa da gwalalonta. Ɗalibi mai kwamfuta da haƙuri na iya zana taswirar kufan Tsafe da Bungudu ba tare da ya bar Gusau ba.

Sai dai tauraro ba ya faɗin sunan gari. Ba ya sanin wace rijiya ce ta malamai, wane kabari ake ziyarta, su wa suka tashi daga nan suka koma ina. Wannan na bakin tsofaffi, kuma yawancinsu yanzu ba sa ƙauyukansu. Suna Gusau da cikin garin Tsafe, a gidajen 'yan uwa da kangaye, wato sun fi kowane lokaci kusa da mai son ya naɗi muryarsu da waya.

Na sa an tambayo mini dattijon nan bara. Aka ce ya sayar da babur ɗin tun lokacin dokar fetur, ya koma wajen ɗansa a Gusau. Tsingaron da ya ba ni yana nan a kan teburina, da zanensa na layi-layi kamar an birgima igiya a kan ɗanyen yumɓu. Ban rubuta sunan gonar ba a ranar, ban ƙirga kukokin ba, ban ma lura ko gabas da hanya muka tsaya ko yamma ba.